Makarantar bayan gidanmu za ta rage ɗaukar yara daga 60 zuwa 30, in sa ta a fom ko in gudu?

Maman Ilham

Assalamu alaikum jama'ar gida, musamman 'yan uwa da ke Landan, dan Allah shawara nake nema don wallahi kaina ya kulle. Muna zaune a kudu maso gabashin Landan, shekararmu biyu da 'yan watanni da zuwa, ɗiyata ta cika 4 a Oktoban nan kuma tana zuwa nazare a wata firamare da ke bayan gidanmu, tafiyar minti bakwai ce a ƙafa ko da ina tura keken ƙaninta. To ranar Juma'a na je ɗaukarta sai na tarar da wata takarda a jakarta an cusa ta tare da zanen da ta yi, na ɗauka ma irin ta neman fam biyu ce na fita yawo, ashe daga kansul take, wato ƙaramar hukumar yankinmu. Wai suna son jin ra'ayin iyaye don za su rage yawan yaran da makarantar ke ɗauka a ajin farko, wanda suke ce wa risefshin, daga 60 zuwa 30, dalili wai yara sun yi ƙaranci a yankin. Ni abin ma dariya ya fara ba ni, yara sun yi ƙaranci?? ni da na yi firamare a Zariya mu huɗu a benci ɗaya wasu kuma a ƙasa.

Amma da na tsaya a bakin get da sauran iyaye sai dariyar ta tafi. Wata 'yar Ghana da muke gaisawa ta ce ai da haka ake farawa, yau a rage aji gobe ka ji an ce za a rufe, ita kam ko a ta shida ba za ta sa makarantar a fom ɗin neman gurbin firamare ba, wanda ake jera makarantu shida a ciki. Wata kuma ta ce a'a, tunda an rage zuwa 30 yanzu ne ma shiga zai yi wuya sai an yi rububi. To wanne zan ɗauka?

Ga fom ɗin ana rufewa 15 ga Janairu ban cike komai ba. Baban Ilham shi ra'ayinsa daban, wai mu rubuta makaranta ɗaya tak, wata mai suna da kowa ke yabo can kusa da filin shaƙatawa, wai in suka ga ita kaɗai muka sa dole su ba mu, har yana cewa ko mu yi amfani da adireshin wani abokinsa da ke layin makarantar. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan ba amma ban da hujjar da zan ba shi. Kuma akwai ƙaninta, shekararsa 2 da wata 5 (kar wanda ya yi min dariya, haka Allah ya tsara), shekara ɗaya ce tsakaninsu a makaranta, in aka raba min su gida biyu ban san yadda zan yi da safe ba don babansu aikin dare yake yi, ƙarfe takwas ɗin da za a fita shi lokacin yake shigowa kamar an ɗaure shi.

Ni gaskiya ina son makarantar bayan gidan, malamar nazaren ta san yarinyar, abincinsu akwai halal, mai tsaron get har sannu ya iya. Tsorona kawai kar in sa ta ta shekara biyu a ce an rufe.

Abu Sadik

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ki kwantar da hankalinki, bari in ɗan yi tsawo don na shekara huɗu ina wakilin iyaye a kwamitin gudanarwa na wata firamare a nan Landan kuma mu ma an yi mana irin wannan ragin, na zauna a taron da aka yi ta kai ruwa rana a kai.

Abu na farko da matan bakin get ba su lura da shi ba, ki koma ki duba takardar da kyau ki ga wace shekara aka rubuta. A ƙa'idar Ingila in za a rage adadin ɗauka, wanda za ki ga suna rubutawa PAN, sai an nemi jin ra'ayi na aƙalla sati 6 tsakanin 1 ga Oktoba da 31 ga Janairu, a yanke hukunci kafin ƙarshen Fabrairu, kuma abin da aka yanke ba Satumba mai zuwa yake fara aiki ba sai ta bayanta. Kenan in dai ta hanyar da aka saba ake bi, Ilham za ta shiga ne a tsarin 60 ɗin nan, ragin a kan ƙaninta zai faɗa. Shi kuma in yayarsa tana ciki ai ya samu tsani, don yawancin makarantun kansul bayan yaran da ke hannun hukuma, wanda ke da ɗan uwa a ciki shi ake fara ba wa kafin a zo maganar nisan gida. Ki duba ƙa'idar makarantar dai ki tabbatar, kowace tana da tata a rubuce a shafinta.

Na biyu, me ya sa ake ragewa. Ba mugunta ba ce lissafi ne. Kuɗin makaranta a nan kan yaro ake biya, a watan Oktoba ake ƙirga kawuna, kowane yaro sama da fam 4,000 a shekara, a Landan ma ya fi haka. Sannan doka ta ce ajin ƙananan yara, wato risefshin da aji 1 da aji 2, kar ya wuce yara 30 ga malami ɗaya. To ki ɗauka makaranta ta buɗe gurbi 60 sai yara 36 suka zo. Ba ta isa ta zuba su aji ɗaya ba, dole aji biyu, malami biyu, hita biyu na ci, amma kuɗin yara 36 za a ba ta. Shekara ɗaya a haka ana iya jurewa, in ya zama kowace shekara sai ka ga an fara sallamar mataimakan malamai, a daina koyar da kiɗa, a daina fita da yara, bashi ya taru. In aka mayar da gurbin 30 sai ta san aji ɗaya za ta riƙe cikakke kuma kuɗinsa zai ɗauke shi. Mu tamu da aka rage shekara uku kenan, ajin da ya zama fanko aka mayar da shi ɗakin yara masu buƙata ta musamman, kuma har yau muna nan. Ba na ce kowace da aka rage tana tsira ba, a'a, amma sau da yawa ragin magani ne ake ba mara lafiya, ba likkafani ba.

Maganar ƙarancin yara kuwa gaskiya ce ko da idonki bai nuna miki ba. A 2012 an haifi yara kusan 730,000 a Ingila da Wales, a 2023 ba su kai 600,000 ba. A Landan kaɗai haihuwa ta sauka da kashi 17 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2021. Ki haɗa da tsadar haya da ke korar masu iyali daga tsakiyar gari, da Turawan da suka koma ƙasashensu bayan Brexit, wato ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, da waɗanda suka fita lokacin korona ba su dawo ba. Mu kanmu 'yan Najeriya mun ɗan cike wasu azuzuwan a 'yan shekarun nan, to daga farkon 2024 aka hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali, wannan ƙofar ma ta tsuke. Kansul ɗin Hackney a nan Landan ta rufe firamare huɗu a bazarar 2024, biyu rufewa kai tsaye biyu aka haɗe su da wasu. A Lambeth akwai sakandaren Archbishop Tenison's da ke kusa da Oval, tun 1685 aka kafa ta, ta girmi jihadin Shehu da fiye da shekara ɗari, amma a 2023 aka sa mata kwaɗo saboda ba ɗalibai. Don haka tsoron 'yar Ghanan ba daga iska ta ɗauko shi ba.

Yanzu ga maganar maigida, ki gaishe shi ki ce Abu Sadik ya ce ya yi haƙuri amma dabarun nan biyu duk ba sa ci. Gurbi shida ake ba ku a fom ɗin Landan, makarantun ba sa ganin ta nawa kuka sa su, kowace tana auna yaro da ƙa'idarta ne kawai, sai kwamfutar kansul ta duba cikin waɗanda suka karɓe ki wace ce ta fi sama a jerinki ta ba ki ita. In kin sa ɗaya tak ba ki samu ba, ba wanda zai ji tausayinki, za su ba ki duk inda gurbi ya rage ne, wataƙila mai bas biyu. Kuma abin da mutane ba su gane ba, ƙarancin yara bai taɓa makarantu masu suna ba, su kullum a cike suke, waɗanda ke gefensu ne ke zubewa. Kansul na wallafa nisan yaro na ƙarshe da kowace makaranta ta ɗauka bara, ki nemo na mai sunan, in kika ga mita ɗari huɗu ko biyar ku kuma kuna nisan kilomita da rabi kin san amsa. Yawanci a miƙe suke aunawa kamar tashin tsuntsu, ba ta hanyar da kike bi ba.

Adireshin aboki kuwa kar ku soma. Suna haɗawa da takardar harajin gida, suna bincike, in suka gano ƙwace gurbin suke yi ko da yarinya ta fara zuwa, kuma mutumin da ke zaune da biza me ya kai shi rubuta ƙarya a takardar hukuma.

Abu ɗaya da nake roƙonki kar ki manta, zamanta a nazaren ba ya ba ta gurbi a risefshin, sai kin cike fom kamar kowa. Duk shekara sai an samu wata baiwar Allah da ta ɗauka wucewa kawai ake yi, ranar 16 ga Afrilu da ake fitar da sakamako kowa na buɗe imel ita ba ta da komai.

Ummu Khalifa

Abu Sadik ka yi bayani Allah ya saka, amma ka yi haƙuri ni zan faɗi ɗaya gefen don ni a jikina na ji ba a taro ba. Ƙanwata Maman Ilham, tamu makarantar ma da ragi aka fara, 60 zuwa 30, aka tara mu a zauren cin abinci aka ce wannan shi zai ceci makarantar, hedimasta har da rantsuwa irin tasu. Shekara biyu aka yi 30 ɗin ma ba ta cika ba, ajin Khalifa su 17 ne, na ƙanwarsa 12, daga baya aka haɗe aji 3 da aji 4 a ɗaki ɗaya malama ɗaya tana koyar da wannan gefe ta juya wancan. Ni a lokacin har murna nake wai yara kaɗan malama za ta fi kula da su, ban san alamar mutuwa nake kallo ba.

Da maganar rufewa ta fito mun yi duk abin da ake yi, mun sa hannu a takarda, mun je ofishin kansul da kwalaye, yara sun yi zane, an saurare mu da murmushi an ba mu shayi da biskit, aka rufe. Kuma abin da ya fi ci min rai tun ranar da aka ce ana shawara iyaye suka fara zare yaransu ɗaya bayan ɗaya, duk Litinin sai Khalifa ya dawo ya ce Ummu wane ma ya tafi, kafin a kai ga yanke hukunci rabin makarantar ta watse, sai suka ce to kun gani ba yara. Eh an ba mu gurbi a wata makarantar, wannan dole ne a kansu kuma sun yi, amma yaron da ke aji 5 ka cire shi daga abokansa saura shekara ɗaya ya gama, wata uku yana cewa cikinsa na ciwo duk safiya, likita ya duba ba komai. Rigunan tsohuwar makarantar masu tambari har yanzu suna cikin leda a saman wardrof ɗina, guda shida, ba wanda zan ba wa don makarantar da ke sa su babu ita a duniya.

Ni ba zan ce kar ki sa ta ba. Amma kar ki tsaya a kan takardar kansul, ki je da ƙafarki ki tambaya. Yara nawa ne a risefshin bana, nawa ne a aji 1, nawa a aji 2. In suna samun 40 ko 35 aka rage zuwa 30 to wannan lafiya lau, za ta cika har a yi layi. In kuwa 18 suke samu ko 20 to 30 ɗin ma riga ce da ta fi ƙarfin wuyansu. Ki tambaya ko an taɓa haɗe aji biyu, ki tambaya hedimastan nasu ne su kaɗai ko raba shi suke da wata makaranta, ki lura ko malamai na yawan tafiya. Matar ofis ta fi kowa sanin gaskiya, ki je lokacin da ba layi ki yi mata fara'a.

Malam Na Kurna

Ikon Allah. Ina zaune a Kano ina karanta wannan zance kamar tatsuniya. Wato akwai ƙasar da ake rufe makaranta don an rasa yara, har gwamnati na rarrashin iyaye? Ni malamin firamare ne shekara 19, rajistar ajina bana yara 134, in na kira suna sai rabin darasin farko ya tafi, wanda ke baya ko allon ba ya gani sai dai ya ji amshi ya bi. A takarda tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35. Mu ɗaukar yara ba fom ba kwamfuta, uba ya riƙo hannun yaro ya kawo ofishin hedimasta, wani ma yayarsa ce za ta jawo shi, in ba takardar haihuwa a ce ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne, ya taɓo an ɗauka. Ba a cewa aji ya cika, kalmar ma babu ita. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana gyare-gyare ba a ce ba a yi ba, amma haihuwa ba ta jiran kwangila.

Sai dai kar in yi ta dariya, akwai abin da ya yi kama. Mu ma a nan mai ɗan hali ya zare ɗansa ya kai firamaren kuɗi, wanda ya rage a ta gwamnati shi ne wanda ubansa ba zai zo taron PTA ya ɗaga murya ba, sai makarantar ta ƙara lalacewa, sai wani ma ya zare. Ku can benci ne ke zama fanko, mu nan bencin a cike yake amma masu magana sun tafi. Hajiya ki aiko mana da kujerun da suka rage in an tashi rabo.

Baban Hassan da Husaini

Malam Na Kurna ka ba ni dariya wallahi, kunnen nan ni ma da shi aka ɗauke ni a Gusau.

Maman Ilham ni ina cikin waɗanda suka jawo muku matsalar, mu ne yaran da suka ɓace. Shekara shida muna ɗaki biyu a kusa da Peckham, mai gida ya ƙara haya sau biyu a shekara ɗaya da rabi, na duba albashi na duba tagwaye na ce a'a, muka tattara muka koma Dagenham can gefen gabashin Landan. A layinmu na da gida huɗu masu yara ne suka tashi a shekarar, waɗanda suka maye gurbinmu samari ne ma'aikata masu raba ɗaki, ba yaro ko ɗaya sai kekuna a bakin ƙofa. To yaran ba ɓacewa suka yi duka ba, wasu gefen gari aka tura su, kuma nan da muka zo labarin ya sha bamban, na zo a tsakiyar shekara neman gurbi biyu a aji 2, aka ce wannan makarantar tana da ɗaya waccan tana da ɗaya, saboda dokar 30 ɗin nan da Abu Sadik ya faɗa. Sati bakwai Hassan na gabas Husaini na yamma, uwarsu ta kai ɗaya ni in kai ɗaya in wuce aiki a makare, sai da wani yaro ya tashi sannan aka haɗe su ta jerin jira.

Shi ya sa shawarata ta bambanta kaɗan, kafin ki tambayi ko makarantar za ta kai shekara bakwai ki tambayi kanki ku za ku kai shekara bakwai a gidan? In haya kuke a hannun mai gida mai zaman kansa wallahi ba ki da tabbas, wataƙila ku riga makarantar tashi. Ki zaɓi wadda za ta yi miki sauƙi yanzu da yara biyu da miji mai aikin dare. Minti bakwai a ƙafa ba ƙaramar ni'ima ba ce, sai ranar da kika tsaya jiran bas a watan Janairu ana yayyafi da yaro a keke direba ya ce ba wurin keke na biyu za ki gane.

Kuma cikin shidan kar ki ƙi duba na coci in suna kusa, yaran Musulmi da yawa na ciki, sai dai wasunsu suna da ƙarin fom nasu na daban da ake kai musu kai tsaye, in ba ki cike ba kina can ƙasan layi.

Maman Ilham

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, ban zaci zan samu amsa haka ba. Abu Sadik ka yi gaskiya na koma na duba takardar, ba shekarar Ilham ba ce ta ƙaninta ce, ni ko lura ban yi ba tsabar ruɗewa. Anti Ummu Khalifa labarin rigunan nan ya tsaya min a rai, na bi shawararki yau da safe bayan na ajiye ta na tsaya wajen matar ofis, da ma muna ɗan wasa da ita don tana son cincin ɗina. Ta ce bana 38 ne a risefshin, aji 1 su 41, ba a taɓa haɗe aji ba, hedimastar tasu ce su kaɗai shekararta tara a wurin. Ta ce ita ma ba ta san gobe ba amma ba ta fara neman wani aiki ba tukuna, muka yi dariya.

Na nuna wa Baban Ilham maganar adireshi, ya yi shiru ya ce shi da ma wasa yake (ba wasa yake ba). Mun duba nisan mai sunan, na ƙarshe da suka ɗauka bara ko rabin nisanmu bai kai ba. Yanzu rigimar da ta rage shi yana so a sa mai sunan ta ɗaya a gwada sa'a tunda ba a asarar komai, ta bayan gida ta biyu, ni kuma ina tsoron kar sa'ar ta zo in shiga uku da bas, in kuma ƙaninta bai samu can ba fa? Sannan takardar jin ra'ayin, akwai amfanin in amsa ko ɓata lokaci ne kamar yadda ya faru da su Anti?

Abu Sadik

38 da 41 ba lambar mutuwa ba ce, irin wadda na ce miki ce daidai, ta fi aji ɗaya ba ta kai biyu ba. In aka mayar 30 ma akwai yaran da za a bari a waje, kin ga kenan ɗaya matar ta bakin get ita ma tana da gaskiyarta, kuma nan ne samun yaya a ciki zai yi wa ƙaramin rana.

Maganar jeri, maigida ya yi daidai cewa sa mai sunan a sama ba ya rage miki dama a ta biyu. Amma ƙa'idar ita ce kar ki sa wata a sama sai in da gaske kin fi son ta, don in ta faɗo ita za a ba ki, ta bayan gidan ta wuce, sai dai ki koma jerin jira. Ku zauna ku yi tafiyar da safe sau ɗaya da keken da komai a lokacin da za a riƙa yi, shi ma ya bi ku bayan ya dawo daga aiki, in ya so a yanke a hanyar dawowa.

Takardar kuwa ki amsa, ko layi biyar ne. Ba lallai ta hana ragin ba, ni a ganina ma bai kamata a hana ba, amma ki rubuta cewa kina da ƙarami mai zuwa a shekarar kuma kina so a tabbatar fifikon 'yan uwa na nan yadda yake, irin wannan ana karantawa a taro kuma ana rubuta amsarsa. Wanda yake ganin an karya ƙa'ida bayan an yanke yana da zuwa 15 ga Mayu ya kai ƙorafi ofishin mai sasanta harkar makarantu. Af, kin ce ƙaramin shekara 2 da wata 5, ɗan watan Yuni kenan, yaran da aka haifa daga Afrilu zuwa Agusta iyaye na iya roƙon a jinkirta musu shiga da shekara ɗaya in suna ganin bai yi ƙwari ba, ba dole a yarda ba amma ana nema. Wannan sai baɗi ma yi maganarsa, yanzu dai ki cike na Ilham kafin hutun Kirsimeti kar ki bari sai daren 15 ga wata shafin na jan ƙafa.

Ummu Khalifa

38 kam da sauƙi, mu ba mu taɓa ganin 25 ba. Ki sa ta. Amma rigar mai tambari ki sayi biyu kawai, sauran ki sayi marasa tambari a babban kanti.